Randunan Gimbiya

"Ga ta can tafe da masu takunkumi."

"Wa? Mai randar ajali?"

"Yi a hankali, tana ji."

"To ta ji mana. Ɗiyanmu sun ji da sauƙi ne?"

Gimbiya ta ji, amma ba ta waiwaya ba. Shekara arba'in ke nan tana ginin randa a wani ƙauye kusa da Kasuwar Daji, kuma a gaɓar gulbi guda take haƙar yumɓu tun tana amarya. Da can yabonta ake yi. Ruwan randarta, in ji mata, har haƙori yake kamawa don sanyi.

Sai masu niƙan dutsen zinari suka kafa injina a saman gulbin, suna wanke garin dutsen a cikin ruwa. Shekara huɗu suka yi suka tashi. Gimbiya ta lura yumɓu ya ƙara laushi da duhu, har ta yi murna, don ya fi daɗin gini. Bayan haka yara suka fara shiɗewa suna sanƙarewa. Cikin waɗanda aka binne har da jikanta, ɗan farin ɗiyarta Zulaihat.

Masu aikin kwashe guba suka zo sanye da takunkumi a fuska, da tifa da shebur. Suka kankare ƙasar gaɓa har zurfin gwiwa, suka binne ta a wani rami da aka shimfiɗe da leda. Shugabarsu, Malama Rahina, ta kara na'ura a jikin wata randa, ta ce dalma ce cike da ita. Duk randar da Gimbiya ta gina a shekarun nan dole a fasa.

Mata suka ƙi. Randa kayan ɗaki ce, ba a fasa ta da gangan. Kowace ta ce tata daga Shinkafi aka sawo. Ba mai iya tantancewa sai maginiyar, don haka aka riƙa yawo da ita gida gida. Ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta saurara, ta ce, "Tawa ce." A fitar waje a sa guduma.

"Kin kashe muna ɗiya, kin dawo ki fashe muna ɗaki," in ji wata, ta tofa mata yawu a zane.

Gida na talatin da ɗaya na Zulaihat ne. Mijinta Muhtari, wanda a da ko ido ba ya haɗawa da surukarsa, ya tare ƙofa.

"Su shiga. Ke kam a'a."

"Muhtari, ni ce fa."

"Na san ke ce. Ni na ɗauki gawar."

Rahina ta shiga ta fito, ta ce ba ta ga randa ba, wai sun ce sun jefar. Gimbiya ta san ƙarya ne. Zulaihat ta rantse ba hannun uwarta ne ya kashe mata ɗa ba, kuma don ta nuna wa gari hakan, daga randar da uwar ta gina mata take sha har yau, ga ta da cikin wata bakwai.

Gimbiya ta zagaya bayan katanga, daidai ɗakin ɗiyarta. Ta ji ƙarar moɗa a bakin randa. Ta san muryar kayanta. Ta ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji.

"Zulai, mutane gaskiya sunka faɗi, ni ce. Ajiye moɗar nan. Don Allah miƙo min randar ta kan katanga, in fasa ta da hannuna."