Kusum-tai Salvi, Dillaliyar da ke Duba Gida cikin Ruwan Sama

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Kusum a shekarar 1955, a wani ƙauye kusa da garin Chiplun a ƙasar Konkan. Mahaifinta Bhikaji More manomin shinkafa ne, sunan mahaifiyarta Parvati. Gidansu na jar ƙasa ne mai rufin yumɓu, kuma aikinta na farko a duniya shi ne jera tukwane duk inda rufin ke yoyo idan damina ta kankama. Ta yi karatu da harshen Marathi zuwa aji bakwai, daga nan hali bai yi ba.

Aure da Ƙaura

A 1974 aka ɗaura aurenta da Tukaram Salvi, ma'aikacin masaƙa a Mumbai. Da dogon yajin aikin masaƙu na 1982 ya raba shi da aikinsa, suka kwashi 'ya'yansu suka koma Dombivli. A nan Kusum ta fara dafa wa gwauraye 'yan ci-rani abinci, kuma a bakin tukunyarta take jin wanda zai tashi daga ɗaki da wanda ke neman wurin sa haƙarƙari. Sannu a hankali haɗa mai ɗaki da mai haya ya zame mata sana'a, mutane suka riƙa kiranta Tai, wato Yaya.

Dillanci

A 1991 ta kafa allo mai ɗauke da sunanta a ƙofar wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa. Ƙa'idarta guda ce, kuma ba ta taɓa karya ta ba: ba ta sa baki a cinikin gida sai ta shiga cikinsa ana tsakiyar ruwa, ta shafa bango da tafin hannu, ta leƙa bayan kabad. Da rani sai dai ta sayar da wanda ta riga ta duba a daminar da ta wuce. Sauran dillalai sun sha yi mata dariya, suna cewa ga Tai can da baƙar lemarta za ta gaishe da kwaɗi. Ita kuwa takan ce su ci gaba da sayar da fenti, ita gida take sayarwa. Mijinta ya rasu a 2009, ta ci gaba da sana'ar tare da 'yar autarta Vaishali.

Sabuwar Doka

A 2017 aka wajabta wa dillalan gidaje rajista, Kusum ta yi tata ba gardama. A 2023 hukuma ta ƙara sharaɗi: sai dillali ya halarci kwas, ya ci jarrabawa a kan kwamfuta, kafin a bar masa lasisi. Sa'anninta da yawa suka yi ta ƙorafi, wasu suka naɗe tabarma. Ita ta ce dokar ta yi daidai, don ta ga iyalai da yawa da 'yan damfara suka talauta. Sai dai aikin gwiwa da aka yi mata ya hana ta zama jarrabawar a kan kari. A 2024 aka dakatar da rajistarta, ta sa aka sauke allon da ya shekara talatin da uku a wurin. Ranar ta yi kuka, ba ta ɓoye ba.

Vaishali, wadda ta riga ta ci tata jarrabawar, ta roƙe ta ta huta, ciniki ya riƙa tafiya da sunan 'yar. Kusum ta ƙi. Ta shiga kwas tare da sa'annin jikokinta, ta koyi riƙon linzamin kwamfuta da hannun da ya saba da muciya, ta haddace dokokin awon fili da haƙƙin mai saye, har aka ba ta rana a watan Yuli.

Ranar Jarrabawa

A daidai lokacin, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Farzana Mulla, jikar ɗaya daga cikin waɗanda Kusum ta ciyar a da, ta zo sayen gida a hawa na huɗu ta hannun Vaishali. Washegarin jarrabawa za a sa hannu a takardun cinikin. Kusum ta yi mata alkawarin duba gidan, amma ruwan makonnin nan duk yayyafi ne, wanda ba ya tona asirin bango. Sai da safiyar jarrabawar aka tsuge da ruwa mai iska daga yamma, irin wanda take jira.

Vaishali, wadda ke kiranta Aayi, wato Inna, ta ce, "Aayi, don Allah ki wuce jarrabawarki, ni zan je in duba. In kika rasa yau, allonki zai ƙara watanni a ƙasa."

Kusum ta ce, "Ke kin ci jarrabawa, amma hannunki bai san danshi ba tukuna. Kuma ni na yi wa yarinyar nan alkawari, ba ke ba. Miƙo mini lemata."

Ta hau benen da gwiwar da aka ɗinke, Vaishali na riƙe da ita. Falo lafiya lau, fenti sai ƙyalli. Da ta sa aka ja sabon kabad na ɗakin kwana, sai ga ruwa yana bin bango har ƙasa. Ta kamo hannun Vaishali ta ɗora a wurin. Ciniki ya watse, Farzana ta tsira da guminta na shekaru, jarrabawa kuwa ta wuce.

Da zama na gaba ya zo a ƙarshen shekarar, Kusum ta shiga ta ci, tana da shekara sittin da tara. Aka fasa kwakwa a ƙofar shago bisa al'adarsu ta murna, aka raba alewar madara, aka mayar da allon wurinsa. Dillalan da ke mata tsiyar kwaɗi su ne suka riƙe tsani.

Rasuwa

Kusum-tai ta rasu a watan Yulin 2025 bayan gajeriyar jinya, tana da shekara saba'in. An ƙona gawarta a Dombivli bisa tsarin addininta, aka kai tokar kogin Vashishti na garin haihuwarta. Ranar rakiyar ana zabga ruwa, amma jama'a suka cika titi, Farzana na cikinsu. Akasarinsu daga gidajen da ta sayar musu suka fito, kuma babu wanda ya koma da wuri don tsoron yoyo.

Ta bar 'ya'ya uku da jikoki biyar: Prakash, ma'aikacin jirgin ƙasa a Kalyan, Milind, malamin makaranta a Ratnagiri, sai Vaishali, mai riƙe da shagon, wadda har yau ba ta taɓa allon uwarta ba, kuma duk sanda hadari ya taso daga yamma takan rufe shago ta ɗauki baƙar lemar ta fita.