Wayar Tsohon Lozells

Moss Side, Asabar

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na ja ƙofa, da akwati biyu wayam a hannuna. Binciken digirina na uku a kan yadda gwamnatin wannan ƙasa ta Turawa ta karɓe harkar tarho ne a farkon ƙarni na ashirin, da yadda masu waya suka yi ta ƙaruwa. Shekara biyu ina neman tsofaffin littattafan lambobin waya na Birmingham, har na fara fid da rai, sai ga Injiniya Bala, ɗan garinmu da ke unguwar Lozells a can Birmingham ɗin, ya bugo mini.

"Maƙwabcina yana da su, kwali guda. Library ɗin da zai ba wa, council ta rufe shi, ka san cuts ɗin nan, hukuma ta rage kashe kuɗi. Monday za a kai shi care home, gidan tsofaffi, kayansa duk bola za a zuba."

Na hau bas ta Oxford Road zuwa tasha, shida daidai motarmu ta ɗaga. Mil tamanin da 'yan kai, ba shingen 'yan sanda, ba mai talla, sai ruwan sama da tumaki. Ina ta addu'a kada masu kwashe kaya su riga ni.

Lozells

Tara saura kwata Bala ya ɗauko ni. Maiɗakinsa ta soya ƙosai, na haɗiye shi a tsaye, tana cewa, "Ɗalibai dai ba ku da natsuwa."

Maƙwabcin, Harold, ya haura tamanin. Mahaifiyarsa ma'aikaciyar haɗa waya ce a gidan waya, ita ta tara littattafan. Ya jera mini su a tebur. Na farkon siriri ne kamar littafin rubutu, na ƙarshen kuwa sai da hannu biyu na ɗaga shi.

"Da farko duk lambobin a kanta suke," in ji shi da Turanci. "Ta san wanda ke yawan kiran likita. Daga baya suka fi ƙarfinta."

Ina cikin cusa su a akwati na hango waya a gefen kujerarsa. Na ce, "Baba, tana aiki?"

"Ina jin haka. Tun Kirsimeti ba ta yi ƙara ba. Litinin za su yanke ta."

Kunya ta kama ni. Tun shigowata littattafan nake kallo, ban dubi mai su ba. Na zauna muka sha shayi har azahar, sannan na karɓi lambarsa.

Komawa

Uku da rabi muka baro Birmingham, shida da kwata ina ɗakina. Ko takalmi ban cire ba na buga masa. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Ka manta wani abu ne?"

"A'a, Baba. Na iso lafiya ne. A wurinmu haka baƙo yake yi."

Sai ya ce, "Gobe ka sake bugowa. In ban ɗauka da wuri ba kada ka ajiye, so nake in ji ƙararta."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Bala da iyalinsa. Ranar Lahadi da hantsi na buga. Sai da ta yi ƙara sau tara ya ɗauka.