Mai Gyaran Wutar da Ya Riga Ni Zuwa Gida

Masu karatu, wannan abin da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma wallahi ko yau aka ce in dafa Alƙur'ani a kansa zan dafa. Gab da samun mulkin kai ne, lokacin ina aikin akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa, ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi da maiɗakina da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Kada ku dubi Gyaɗi-Gyaɗin yanzu, a lokacin gidaje ne tsilli-tsilli, in ka tsaya a ƙofar gida da damina gero kake hangowa har Tarauni. To a shekarun ne aka jawo wutar lantarki ta bakin hanyarmu, mu da gidajenmu ke kusa da turakun muka nemi izini aka ba mu, kowa yana rawar jiki zai rabu da fitilar ƙwai.

Wanda ya sa mana waya wani ɗan Kudu ne Kirista, sunansa Josiya, yana haya da matarsa da 'yarsu a wani gida a Tarauni. Dogo ne siriri, kullum da jakar fata a kafaɗa, Hausa a bakinsa kamar a Kano aka yanke masa cibiya. In yana aiki waƙar cocinsu yake yi ƙasa-ƙasa, amma da zarar ya ji an kira salla sai ya sauko daga tsani ya yi shiru har mu idar. Inna ɗana take ce masa, shi kuma Malam Akawu yake ce mini. Gidajen layinmu duka shi ya haska su.

Sai wani Alhaji ɗan kwangila a unguwar, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsa na nan, ya sayo fanka da dutsen guga da firiji, ya ce a jona masa. Josiya ya duba ya ce wayar gidan siririya ce, ta ƙwan fitila ce kawai, sai an canza ta da mai kauri tukuna. Alhaji ya ce wayo ne irin na 'yan Kudu, ya nemo wani ɗan koyo ya jona masa komai, da fis, 'yar wayar nan mai kare gida daga gobara, ya riƙa tsinkewa kuma aka cire aka ɗaura waya mai kauri a gurbinsa. Ba a jima ba gobara ta cinye rabin gidan. Ku tambaye ni wa aka kama? Josiya! Wai shi ya sa wayar farko, wai haushin an hana shi aiki ne. Matasa suka tare shi a hanya suka yi masa dukan kawo wuƙa, manya suna tsaye suna kallo. Na yi magana, aka ce mene ne nawa a ciki, ko ɗan uwana ne. Na je na duba shi, na same shi a kwance yana murmushi yana cewa da sauƙi, daga nan kamfani ya tura ni ƙauye rabon irin gyaɗa, ban dawo ba sai da damina ta yi nisa, ni a zatona ya daɗe da warkewa.

Wata Lahadi bayan azahar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsakar gidanmu ta cika har idon sawu. Da ya ɗan tsagaita Inna ta fita kwashe zanenta daga igiyar shanya, igiyar kuwa ta waya ce, an ɗaure ta a jikin rufin kwano. Ihu ɗaya na ji, na leƙo na ga an yi jifa da ita gefe, tana kwance jikinta yana karkarwa. Innalillahi! Allah ne ya sa na tuna maganar Josiya cewa ba a taɓa wanda wuta ta ja da hannu, na ɗauki busasshiyar taɓarya na miƙa mata ta riƙe, na jawo ta kan dokin ƙofa. Ina cikin haka wata kazarmu ta diro cikin ruwan kusa da bango, a gabana ta miƙe ƙafa ta mutu. Na bi ta kan benci na isa zaure wajen mita don in kashe wutar, na tarar makunnin ya narke, hayaƙi yana fita, wari kamar ana ƙona roba. Maiɗakina ga ta da tsohon ciki. Na ɗora su ita da Inna a kan gadon katako, na ce ko me za a yi kada wadda ta sa ƙafa a ƙasa, na ja kekena na fita.

Na fara zuwa wajen ɗan koyon nan, ya ce shi ba ya taɓa waya da ruwa, ya mayar da ƙyaure ya rufe. Na taka har ofishin masu wuta, maigadi ya ce yau Lahadi, 'yan kaɗan ɗin da ke aiki kuma sun tafi unguwar Turawa, in dawo gobe. Gobe! Uwata da matata suna kan gado a tsakiyar wuta, ana ce mini gobe. Sai na juya na nufi Tarauni, taɓo yana riƙe tayar keke, ina tafe ina salati, ina jin kunyar yadda zan dubi mutumin da unguwarmu ta yi wa abin da ta yi in ce ya zo ya cece mu.

Ban kai gidansa ba. Daidai turken wuta na ƙarshe, inda layin ya tsaya gonaki suka fara, na gan shi a tsaye da jakarsa a kafaɗa. La'asar ta yi, gari da haske, na gan shi sarai kamar yadda nake ganin hannuna. Kafin in buɗe baki ya ce, "Malam Akawu, kwantar da hankalinka, Inna ba abin da ya same ta. Koma gida a hankali kada ka faɗi."

Na ce, "Josiya, hau bayan keke mu tafi, gidan zai kama da wuta."

Ya girgiza kai ya ce, "Yi gaba abinka."

Na juya keken, na ɗan taka, na waiwaya ban gan shi ba, na ce ta cikin gero ya yanke. Sai da na yi nisa abin ya faɗo mini, shin wa ya gaya masa zancen Inna? Amma mai gaggawa ba ya tsayawa tunani, na ci gaba da taka keke.

Ina shiga zaure na ga ƙwan fitila a kunne, ba hayaƙi, ba wari. Na shiga ciki na tarar maiɗakina a tsakar gida tana dama wa Inna kunu, ƙafarta tsundum cikin ruwan nan. Na daka mata tsawa, ta dube ni tana dariya ta ce, "Malam, ai an gyara tun ɗazu. Kana fita, ko ƙarar kekenka ba ta ɓace ba, sai ga Josiya ya yi sallama." Ta ce ta cikin ruwan ya ratso abinsa, ya gaishe da Inna, ya hau ya yi aikinsa yana 'yar waƙarsa, da ya gama ya ce su sauko. Inna ta ce, "Na ce a ba shi ruwa ya sha, ya ce a'a Inna, na ƙoshi. Amma ɗan nan ya rame, kai masa ko tsaba ce gobe." Na ce yanzun nan fa na rabu da shi a hanyar Tarauni. Suka ce to daga nan ya tafi can mana. Na lissafa a raina na ga zai yiwu. Maƙwabciyarmu Iya Tabawa ma ta leƙo ta katanga ta ce ta ga shigarsa da idonta.

Washegari kafin in wuce ofis na ɗaura ɗan buhun gero a keke na nufi gidansa. Tun daga nesa na ga 'yan uwansu mutanen Kudu a zazzaune a ƙofa, mata suna kuka. Matarsa, Mama Rut, ta fito idonta ya kumbura, ta ce mini Josiya ya rasu jiya da la'asar. Na ce wane Josiyan? Na ce jiya ya gyara mini wuta, na kuma yi magana da shi baki da baki. Ta ce, "Malam, tun dukan nan mijina bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Ni nake juya shi, ni nake ɗaga shi." Ta ce jiya da ruwa ya tsagaita ya ce ta miƙo masa jakarsa, ta ɗora masa a ƙirji, ya rufe ido, hannuwansa suna motsi a sama kamar mai murɗa waya, gumi yana keto masa, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Can ya sauke hannu ya yi shiru, ta zaci barci ne, sai wajen la'asar ta ji ya yi wata magana da Hausa kamar yana sallamar wani, shi ke nan. Ta ce abin da ya hana ta barci shi ne da suka zo gyara shi sun tarar da ƙafafunsa jiƙe da taɓo har idon sawu, ɗanye, alhali ɗakin ko ɗigo ba ya yi.

To abin da ya fi ci mini rai har yau ba wannan ba ne. Iya Tabawa ta baza labarin a unguwa, ni kuma na ɗauka mutane za su ji kunya, su ce ashe mutumin kirki muka zalunta. Ina! Sai aka ce ai ga shi nan, dama maye ne, mai fita daga jikinsa. Alhajin nan yana zaune a ƙofar sabon gininsa yana cewa shi tun farko ya gane shi. Mutanen da har ranar suna kwana a ƙarƙashin fitilar da ya sa musu, ko mutum ɗaya bai taka ya yi wa matarsa gaisuwa ba, sai ni da Inna, ita ma tana dogara sanda. Wasu har suka daina cin abincin gidanmu. Mai gidan hayar ya ce ba zai zauna da matar maye ba, ya fitar mata da kaya, ni na raka ta tashar jirgin ƙasa da 'yarta a hannu, ba ta ce mini komai ba sai "a gaida Inna". Ban sake jin labarinta ba.

Bayan wasu shekaru iyali suka ƙaru, na yi ƙarin ɗakuna, na ce a canza wayar gidan gaba ɗaya da mai kauri. Na samo wani ƙwararre daga cikin gari, ya hau tsani ya buɗe inda waya ke shigowa daga turke. Ya sauko ya ce, "Malam, daga ina kuke samun wuta a gidan nan?" Na nuna masa ƙwan zaure, ga shi a kunne. Ya ce in hau in gani. Na hau, na ga wayar a yanke, bakin nan da bakin can an naɗe kowanne da baƙin tef, tsakaninsu ya kai tafin hannu, tef ɗin har ya tsufa ya yi ƙura. Mutumin ya sa filaya ya ɗan taɓa, fitilar ta mutu. Ya yi aikinsa ya gama ya tafi, da na sake nemansa daga baya kuma ya aiko cewa ba shi da lokaci.

Na tambayi malamai, kowa da abin da ya ce, ni dai ban san me na gani a gindin turken nan ba, ban kuma san me muka kwana muna kunnawa shekara da shekaru ba. Shawarata gare ku, in mai gyara ya ce wayarku ta yi kaɗan ku canza ta, kada ku ɗaura wa fis abin da ba nasa ba, kuma ku san ƙofar gidan mai gyaranku tun kuna lafiya. In kuwa abu ya lalace, ku bincika kafin ku ɗaga hannu a kan mutum, don ba ku san wanda zai amsa kiranku ranar da kowa ya rufe ƙofa ba, ba ku kuma san daga inda zai taso ba.