Jan Biro a Shafi na Sittin da Uku

Wata rana, wata Asabar da hantsi, ina zaune a rumfar Malam Sabi'u mai tsofaffin littattafai a Zariya.

Kun dai san halina. Sai a aike ni cefane in dawo da littafi, kayan miya kuma sai dai a yi haƙuri.

A ranar rumfar ta ɗauki ƙamshi. Malam Sabi'u har turaren wuta ya sa, domin ya samo wani abu da masu tara littattafai ke nema ruwa a jallo: bugun farko na littafin rabon gado da marigayi Mai Shari'a Barau ya rubuta.

Ga wanda bai sani ba, Mai Shari'a Barau babban alƙali ne da ya yi suna a zamaninsa. Littafi biyar ya bari. Huɗun ana ɗan samu. Wannan na gadon kuwa, kwafi ɗari uku kacal aka buga a karon farko, shekara arba'in da suka wuce.

Malam Sabi'u ya tsince shi ne a wani kwali da magada suka fitar daga wani gida. Ya goge shi, ya sa a akwatin gilashi. Takardarsa fes, ga sa hannu ɓaro-ɓaro a shafin farko.

Muna cikin hira sai ga wata tsohuwa ta sauko daga adaidaita. Hijabinta ya koɗe. Tana rungume da wani ƙunshi a tsohon zani.

Ta yi sallama, ta ce sunanta Hajiya Tasalla, daga Funtuwa ta taso. Ta kwance ƙunshin, sai ga littattafan Mai Shari'a guda huɗu, kowanne bugun farko, kowanne da sa hannunsa.

Shekara sha ɗaya take tara su, in ji ta. Jikarta Rumasa'u za a rantsar a matsayin majistare ranar Alhamis, kuma ta yi wa kanta alkawarin biyar ɗin za ta miƙa mata cif. Saura ɗaya. Saura kwana biyar.

Ba ta rufe baki ba sai ga wata doguwar mota ta tsaya. Wani lauya ya fito, shadda sai ƙara take, turarensa ya riga shi shigowa. Shi ma littafin ya kawo shi.

Nan na ce a raina, Hajiya, kin yi asarar kuɗin mota.

Ta roƙi a ba ta littafin ta duba. Ba ta ko kalli sa hannun da ke gaba ba. Ta lashi yatsa, ta yi ta buɗawa har wani shafi can ciki, ta ƙura masa ido. Sai ta rufe, ta mayar.

Lauya ya yi dariya. "Mama, farashin ne ya kore ki ko? Ai wannan ba littafin girki ba ne."

Zan faɗi gaskiya don Allah: ni ma na yi murmushi. Har yau ina jin kunyar wannan murmushin.

Ta juya wajen mai rumfa. "Ɗan nan, inda ka samo shi, shi kaɗai ne?"

"Akwai wani, Hajiya, amma ya lalace. Bangon ya ɓalle, wani kuma ya yi masa jagwalgwalo da jan biro. Yana cikin buhun da mai ƙosai za ta zo ta ɗauka."

Takardar naɗe ƙosai fa, jama'a!

Ya zazzage buhun ya miƙo mata. Ta buɗe shafi na sittin da uku.

"Nawa za ka sayar mini?"

"Wannan? Ki kawo ɗari biyar ma."

"Na saya."

"Na sallama."

To a nan da ni ne, wallahi sai dai ku ga ƙurata. In cusa shi a jaka, in tare adaidaita, sai Funtuwa.

Ita kuwa ta tsaya cak. Kuɗin na hannunta, ba ta miƙa ba.

Ta ce, "Tsaya tukuna, ɗan nan. Ba ka san abin da ka sallama ba."

Sai ta fara bayani.

Ashe ita ce mai buga wa Mai Shari'a takardu a tafireta, shekara ashirin. Ita ta buga wannan littafin tun yana rubutun hannu.

Da aka kawo bugun farko daga maɗaba'a, sai Mai Shari'a ya tarar da kuskure a shafi na sittin da uku. Matar da mijinta ya rasu bai bar ɗa ko jika ba, rabonta ɗaya bisa huɗu ne. Su kuma suka buga ɗaya bisa takwas.

Masu maɗaba'a suka ce a bari sai bugu na biyu. Ya ce a'a. Kafin bugu na biyu, wace bazawara za a cinye wa rabin haƙƙinta da sunansa?

Ya hana a fitar da ko kwafi ɗaya. Kwana huɗu suka yi a ofis, tana buɗe masa shafin, yana soke kuskuren da jan biro, yana rubuta daidai, yana sa hannu a gefe. Haka alƙali ke yi in ya gyara wani abu a kundin shari'a, don a san wanda ya taɓa.

Ɗari uku, ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Wannan littafin bai sa wa kowa hannu a shafin farko ba, ko ni da ya ba ni nawa, wanda gara ta cinye. Cewa ya yi kunyar kuskuren ta ishe shi. Na cikin gilashin nan bugu na biyu ne, shafinsa a gyare ya fito. Wanda ya sa hannun da ke gabansa kuwa, shi da Allah."

Lauya ya fizgi na gilashin ya buɗe. Shafi na sittin da uku fes, ko ɗigon ja babu. Ya ajiye shi a hankali kamar mai ajiye garwashi.

Sai ya nuna yagaggen da ke hannun tsohuwa. "Malam, ai ba ta biya ba. Kuɗi bai shiga hannunka ba. Abin da na yi niyyar ba ka a wancan, na ninka maka shi a wannan."

Ya kuwa faɗi adadin. Kuɗin da zai sake wa rumfar nan rufi, har ya yi saura.

Na dubi Hajiya Tasalla. Ta ɗora littafin a kan tebur, ta janye hannunta. Shekara sha ɗaya na nema, ga shi a gabanta, ta kuma sake shi da kanta.

Malam Sabi'u ya share gumi da hularsa. Ya daɗe yana kallon littafin.

"Hajiya, me ya sa kika faɗa mini? Da kin tafi, har abada ba zan sani ba."

"A kotu za a ajiye shi, ɗan nan. Ba zan kai wa alƙali littafin da na saya a kan rashin sanin mai shi ba."

Ya ɗauki littafin da hannu biyu, ya miƙa mata.

"Barista, ka yi haƙuri. Bakina ya riga ya ce na sallama."

Allahu Akbar!

Ban san lokacin da na miƙe ina tafi ba. Mai shayin da ke gefe ya leƙo, ya ɗauka faɗa ake yi.

Hajiya ta kwance bakin zaninta za ta ba shi duk abin da ta zo da shi. Ya rantse ba zai karɓi ko kwabo sama da ɗari biyar ba. Lauya ya shige motarsa ko sallama babu.

Kafin in bar wurin, Malam Sabi'u ya manna wa na gilashin 'yar takarda: "Bugu na biyu. Sa hannun ba nasa ba ne." Tun daga ranar ban ƙara sayen littafi a wata rumfa ba.

Ranar Juma'a ya turo mini a waya wani hoto da Hajiya ta aiko masa. Rumasa'u ce a sabon ofishinta, kakarta a gefe tana dariya har da hawaye. Littafi biyar a kan tebur. Huɗu a jere, yagaggen kuma a buɗe, jan biron yana kallon kowa.

Ya ce da tsohuwar za ta miƙa mata, magana ɗaya ta yi:

"Za ki yi kuskure, 'yar nan, don shi ma ya yi. Ranar da kika yi, ki gyara da hannunki, ki sa sunanki a gefe."

Darasi: Ba kowane tabo ne lalacewa ba, wani shaidar mai gaskiya ne da ya gyara kuskurensa a idon jama'a. Kuma abin da Allah Ya rubuta naka ne, faɗin gaskiya ba zai raba ka da shi ba.

In kana da wani alƙali, malami, ɗan kasuwa, ko duk wanda maganarsa ke yanke wa wasu hukunci, tura masa wannan. Ka kuma sa Hajiya Tasalla da Malam Sabi'u a addu'a.