Mutumin da Ya Auna Shafi da Gugan Rijiya

Kowace safiya, kafin masu shayin bakin tasha su gama hura wuta, Malam Rilwanu ya riga ya buɗe buro, wato ofishin ƙungiyar manoma da makiyaya a Magariya. Ba kwamfuta yake fara kunnawa ba. Wani kwanon sha yake jawowa daga ƙarƙashin tebur, a cikinsa akwai tsofaffin salula guda huɗu. Ɗaya gilashinta ya tsage, ɗaya an ɗaure bayanta da roba don kada batir ya faɗo. Yakan buɗe shafin intanet na ƙungiyar a kan kowace, ɗaya bayan ɗaya. Sai wadda ta fi lalacewa ta nuna masa rubutu, sannan ya yarda gari ya waye. Shekara tara yana haka. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin idanunsa sun gaji, likita ya hana shi dogon zama gaban kwamfuta.

Ni ba na yabon mutum don ya iya latsa na'ura. Masu latsawa sun yi yawa, amfaninsu ne kaɗan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata shawara ce guda da ya tsaya a kanta, a ranar da mu duka muka kauce, har da ni.

Ga wanda bai sani ba, babban aikin shafin nan abu ɗaya ne. Bayan kaka, hukuma kan sa ranar sakin gonaki, ranar da makiyayi ke da izinin shigar da shanunsa su ci kara da harawa. Idan wake bai gama bushewa ba, akan ɗaga ranar. Makiyayin da bai ji an ɗaga ba, shanunsa su faɗa gonar da ba a roɗe ba, to abin da ke biyo baya kowa a ƙasar nan ya sani: sanda, jini, da gabar da ke kai wa jikoki. Shafin Rilwanu yana faɗa wa kowa ranar da aka tsayar a kowace komin, wato ƙaramar hukuma.

Shekara huɗu da suka wuce wani furoje, wato shirin masu ba da tallafi, ya zo zai sabunta shafin. Suka turo injiniya daga Yamai, sunansa Faruku, mutum mai ilimi da ladabi, ba zan ɓata shi ba. Ya bayyana mana cewa fuskar shafi ba a kan iska ake gina ta ba, akwai tsarin da ake ɗora ta a kai. Masu sana'ar suna ce masa furemwok, ni ginshiƙi nake ce masa. Iri-iri ne, kuma wanda ka zaɓa tun farko shi za ka zauna da shi shekaru. Nasa babba ne, irin wanda manyan kamfanoni ke yayi. Ya nuna mana a buro: taswira tana juyawa, hoton saniya yana kaɗa wutsiya. Mu ƴan komite bakwai muka saki baki. Ni ne na fara cewa a ɗauka.

Rilwanu yana gefe, shugaban komite ya tambaye shi ra'ayinsa. Ya ce, “Yana da kyau. Amma a buro muka gani. Mu je Yekuwa ranar Alhamis mu gani a bakin rijiya.”

Faruku ya ce, “Malam, rijiya kuma? Me ya haɗa shafi da rijiya?”

“Can ne masu shanu ke tsayawa, injiniya. Can kuma rezon waya ya fi rowa.”

Muka tafi, mota ta ajiye mu inda yashi ya fi ƙarfinta, amalanke ya ƙarasa da mu. A bakin rijiyar muka tarar da Inna Indo, dattijuwa mai shanu goma sha, wadda bakinta ba ya jiran izini. Rilwanu ya gaishe ta, ya roƙi aron salularta. Ya ce ƙa'idarsa ɗaya ce: a saki guga, a latsa shafi. Makiyayi ba ya duban waya fiye da lokacin da guga ke sauka ya hawo, domin da ruwa ya fito shanu za su turo, waya ta koma aljihu. Shafin da bai buɗe ba kafin guga ya fito, ba a gan shi ba ke nan.

Aka saki guga, aka latsa na Faruku. Guga ya fito, gilashin salula fari fat, wani ɗan zobe yana ta juyawa. Aka sake na biyu. Aka sake na uku.

Inna Indo ta leƙa ta ce, “Ɗan nan, wannan abin naka fura yake damawa? Tun ɗazu yake juya ludayi, ban ga ya miƙo ba.”

Mata suka fashe da dariya. Faruku ya ce, “Inna, salularki ce ta tsufa.”

“Ni ma na tsufa, amma ka gan ni a bakin aiki. In sai mai sabuwar waya zai san ranar sakin gona, ka gaya wa shanuna su jira in sayar da ɗaya a cikinsu.”

A guga na huɗu saƙo ya shigo cewa megarta, wato datar wayarta, ta ƙare. Ta riƙe haɓa tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta kama ni, kuma ta dace da ni.

Rilwanu ya zuba mata wata megar, ya latsa gwajin da ya gina a kan wani ƙaramin ginshiƙi marar nauyi. Ba taswira, ba saniya. Sunan komin, kwanan wata da manyan lambobi, da launi: ja kada ka shiga, kore an saki. Guga bai taɓa ruwa ba shafi ya buɗe. Inna Indo ba ta karatu, amma ta ce, “Ja ne. Ba a saki ba.” Ta karɓi abarta ta koma wajen shanu.

A hanyar dawowa Faruku ya faɗi gaskiyarsa, kuma ina zaune na ji. Ya ce, “Malam Rilwanu, ka yi tunani. Furoje ya shirya kai wanda zai riƙe babban tsarin nan horo a Yamai, bayan horo akwai kujera. Wannan ƙaramin naka ba wanda zai ɗauke ka aiki don ka iya shi.”

Rilwanu yana da iyali, kuma ya san irin wannan dama ba ta zuwa Magariya kowace shekara. Ya ce, “Na sani. To in na tafi, wa zai gyara shi ranar da ya tsaya? Wannan ƙaramin, Malama Zulfa sakatariyarmu za ta iya koya cikin damina guda. Naka sai an kira Yamai, Yamai kuma ba ta ɗaukar waya ranar Juma'a.”

Komite ya bi shawarar Rilwanu. Horon ya tafi wurin wani. Faruku, don a faɗi alherinsa, ya rubuta a rahotonsa cewa gwajin rijiya ya fi nasa hujja.

Kai ne, Rilwanu, ka zauna bayan haka kana rage wa shafin kaya maimakon ƙara masa. Kai ne ka lura cewa wajen Mallawa salula kan tsallaka ta kama rezon Najeriya ta bar mutum a tsaye, sai ka sa shafin ya riƙa ajiye labarin ƙarshe a cikin waya, da ranar da aka samo shi a rubuce ƙarara, don kada tsohon labari ya yaudari kowa. Mai awo da guga, ba ka taɓa tambayar abin da zai burge baƙo ba.

Bara ruwa ya yi jinkirin ɗaukewa, wake ya ƙi bushewa, aka ɗaga ranar sakin gonaki a Dogo-Dogo da kwana goma. Baffa Tsoho, wanda ke noma gero kuma yana kiwo, yana dawowa daga arewa da shanu sittin, tsohuwar ranar ce a kansa. Ya ba ni labarin da bakinsa. Ya tsaya shayarwa a wata rijiya, tafiyar rabin yini tsakaninsa da gonakin wake. Sanda ɗaya ta rezo ta leƙo. Ya latsa, ya ga ja. Ya ce, “Wallahi Malam, na goge gilashin da hannun riga ko idona ne. Ja dai.” Ya juya garken ya yi zango a fako har kwana goman suka cika. Gonar farko a kan hanyarsa ta Halilu ce, mutumin da ƙanensa ya rasa ido a irin wannan rigima shekarun baya. A kakar bara ba a ɗaga sanda ba. Halilu ya roɗe wakensa, daga baya shanun Baffa Tsoho suka ci harawar, suka bar masa taki. Har yau Halilu bai san sunan Rilwanu ba.

Shi ya sa na rubuta sunan. Matasanmu masu koyon wannan sana'a a Damagaram da Yamai, ku ji da kyau: koyon babban tsari ba laifi ba ne, akwai inda ya dace. Laifin shi ne ka zaɓi abin da zai ƙawata takardarka, ka bar wa talaka zobe yana juyawa. Kafin ka zaɓa, je ka ga wayar da ke hannun mai amfani, ka tsaya inda yake tsayawa, ka tambayi kanka wa zai gyara bayanka.

Mun gode, Malam Rilwanu. Allah ya ba idanunka lafiya, ya saka maka da abin da ya fi kujerar da ka bari. Jiya na leƙa buro na tarar ka miƙa wa Malama Zulfa makulli, ta ajiye shi gefe ba ta ko duba ba. Kwanon sha ta fara jawowa.