Tururuwar Bayan Gidan Akawu

Shekarar da ruwan sama ya yi mana yaji, cikin shekarun tamanin, ina gyaran keke a unguwar Gwange. 'Ya'yana kuwa suna nan, masha Allah. Haka muke faɗa, don a gidanmu ba a ƙirga yara. Kakata da ta zo daga Kano cewa take, in ka ƙirga su ka nuna wa mutuwa inda za ta fara ɗauka.

To akwai wani akawu a layinmu, siriri kamar sipok ɗin keke, biro uku a aljihu, ko sujada zai yi ba ya cire su. Shi ne wanda bulama, wato mai unguwarmu, ya damƙa wa rabon hatsin agaji tunda shi ne mai boko. Wata masara ce rawaya mai ƙaton ido, ba irin tamu ba.

Ranar rabo ya ce kowane gida mudu biyu, ko mutum ɗaya ne a ciki ko runduna. Na ce, “Malam akawu, gidana fa akwai baki.”

Ya ce, “Wa ya aike ka? Ku ne yunwar ai. Gona tana nan yadda take, ku kuwa kowace shekara sai an yanka ragon suna.”

Na ce, “Naman sunan dai ban taɓa ganin ka mayar ba.”

Aka kwashe da dariya. Dariyar ce ta ƙona shi. Ya bar buhu a buɗe, ya tako har ƙofar gidana inda yara ke zaune a inuwa, ya zaro biro yana nuna su ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, duk layi na ji. Ɗaya, biyu, uku. Wani tsoho ya ce, “Subhanallahi, bari mana!” Bai bari ba, sai da bakin biron ya tsaya a kan autata, yarinyar da ba a daɗe da yaye ta ba.

Ya ce, “Tara. Ga farin nan a zaune, kuna ta kallon sama.”

Ba a yi sati ba auta ta kwanta. Gudawa, ciki ya kumbura, gashi ya koma ja. Uwarta ta ce biro ne. Ma'aikaciyar asibiti ta ce abinci ne babu, a dage da kunu mai kauri. Ni kuwa ban tsaya raba gardama ba, ko biro ko yunwa duk hannun mutum ɗaya ne.

Mudu biyu a gidana karin kumallo ne, shi ma sai an yi sauri. Sai muka koma abin da mutane da yawa suka koma, tonon gidan tururuwa. Tururuwa tana tara ƙwaya a rami, kai kuma ka bi layinta, ka haƙa, ka kwashe, ka sheƙe ƙasar. Kullum sai in ɗora fartanya a keke in tafi wajen ƙauyen Dusuman. Na ƙware har in na ga tururuwa ɗaya ina iya gaya maka unguwarsu da sunan bulamarsu.

Ba zan ɓoye ba, ina haƙa maganar akawu tana cina. Gari ya cika fal, mutane na ta shigowa daga ƙauyuka, shanunsu sun mutu. Ko dai gaskiyarsa ne? Amma wani Shuwa da muke tono tare ɗansa ɗaya tak, kuma haƙarƙarinsa ya fi nawa fitowa. Na ce to, wannan kuma wa ya haifa masa yunwar?

Wata safiya na biyo lungun bayan gidan akawu, idona a ƙasa kamar yadda na saba. Sai ga layi. Baƙar tururuwa, tun daga wata tsaga a gindin katangarsa har bakin kwata, kowace da ɓarin ƙwaya a ka. Rawaya.

Na durƙusa na gaishe su, wallahi. Ranar ban buɗe rumfa ba. Na zauna gadinsu, kazar da ta matso sai ta sha takalmi. Ban ce wa kowa komai ba sai da aka fito sallar azahar, lokacin da layinmu ke cika.

Na tari bulama da irin gaisuwar garin, na ce, “Wushe, bulama. Ranka ya daɗe, wasu ne suka hayayyafa a unguwarka ba izini. Malam akawu, ka taho da biro? Aikinka ne.”

Jama'a suka biyo ni, an ɗauka wani shirmen nawa ne. Na tsaya a kan layin tururuwar na nuna wa akawu.

“Bismillah, ƙirga. Ɗaya, biyu. A'a, kar ka tsallake waccan, da alama ita ce auta. Ka tambaye su wa ya aike su.”

Ba wanda ya yi dariya. Bulama ya sunkuya, ya karɓe ƙwaya daga bakin wata, ya duba, ya sa a haƙori. Ya nuna wa akawu ɗakin da ke jikin katangar, ya ce, “Buɗe ɗakin nan.”

Buhuna har rufi. Na rantse na ƙasan har sun fara tsiro don gajiya da jira. Akawu ya ce ajiya ce ya yi saboda wata mai zuwa, tunda mutane ƙaruwa suke. Na ce, “Ai su ma tururuwar haka suka ce.”

Nan take aka sake rabo. Wani ya ce a bi yawan mutanen gida. Bulama ya ce ba za a ƙara ƙirga ɗan kowa a unguwarsa ba, kowa ya kawo tukunyar tuwon gidansa, ita za ta faɗi gaskiya. Tawa sai da mutum biyu suka ɗauko, jaki zai yi wanka a ciki ya juya. Na roƙi alfarma ɗaya, akawu ya cika ta da hannunsa. Ya cika, ina tsaye a kansa ina ce masa, “Danna, malam, akwai wuri.”

Da la'asar auta ta sha kunu, cokali uku, ta yi barci. Sai da ta ɗauki makonni kafin ta miƙe, amma ta miƙe. Yau ita ma uwa ce.

Akawu kuwa bai kai damina a Gwange ba. Bayan shekaru na gan shi a kasuwa, ya yi furfura, biro ya koma ɗaya, ayarin yara na biye da shi. Ya miƙo hannu, ya ce abin da ya wuce ya wuce. Na ce haka ne, ban karɓa ba.

“Waɗannan duk naka ne?”

Ya ce, “Suna nan, masha Allah.”

Na zare biron daga aljihunsa. Ya damƙe hannuna, ya ce, “Don Allah.”

Yaran ba su yi mini komai ba, ban ƙirga ba. Amma sai da na bari ya faɗi “don Allah” sau tara.