Ranar da Na Je Leƙen Asiri Tsanyawa

Har in koma ga Mahaliccina, ba na jin zan manta da Asabar ɗin da na je leƙen asiri Tsanyawa.

A lokacin ina koyar da aikin gona a wata ƙaramar cibiyar jami'armu da ke Makoda. Ɗalibai suna ta sulalewa ɗaya bayan ɗaya, suna komawa cibiyar da wata jami'a ta buɗe a Tsanyawa. Hukuma ta ce idan sabon zango ya zo aji bai cika ba, za a rufe mu. Ni kuwa malamin wucin gadi ne, da an rufe sai zaman gida. Shugaban sashenmu ya kira ni ya ce, "Malam, kai ne ba su san fuskarka ba. Je ka gano mana me suke ba mutanen nan."

Na sa tsohuwar riga na hau acaɓa. Muna ratsa gonakin gero da gyaɗa, ina ta bitar ƙaryar da na shirya, wai ni manomi ne mai nema wa ɗansa gurbi. Ni da ko matata ban taɓa yi wa ƙarya ta zauna ba!

Na yi sallama a ofishinsu, kaina a sunkuye. Jami'in da ke karɓar mutane yana ɗagowa sai ya ture kujera, ya zagayo ya durƙusa har ƙasa.

"Malam! Kai ne da kanka? Yaya iyali?"

Ashe tsohon ɗalibina ne. Duk shirina na manta cewa a wajenmu ɗalibi ba ya gaida malaminsa a zaune, ko da ya zama wane. Mutanen da ke layi suka zuba wa manomin bogi ido. Na ga aikina ya tafi, mutuncina ya bi shi.

Da na ga ba mafita, na faɗa masa gaskiya. Bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya ja ni waje ya nuna mini jadawalin da ke manne a bango, inda kowa ke wucewa.

"Ba wani asiri, Malam. Ba ma darasi ranar kasuwa, kuma ba ma sa jarrabawa lokacin shuka da noman fari. Ɗalibanmu magidanta ne, gona ba ta jiran kowa."

Mu jadawalin birni muke bi, jarrabawa a tsakiyar damina. Sau nawa ɗalibaina suka same ni da wannan kuka, ina ce musu doka ce? Ni kuma wai malamin aikin gona!

Mun gyara jadawali, wasu suka dawo, da ƙyar cibiyar ta sha. Tun daga ranar, kafin in tambayi abin da wasu suke yi, sai na fara sauraren na gabana. Abin da na ɓad da kama na je sata, ɗalibaina sun daɗe suna kawo mini shi har ofis, ina korar su.